Goggo Mai Keke da Wandon Direba

Ranar da Auta ta shigo da leda cike da riguna, Goggo Mai Keke tana zaune bakin taga tana faɗa da allura. Shekarunta saba'in da ɗoriya, zare ba ya shiga sai an yi ta lallashi, amma duk wanda ya ce kawo in zura miki ya jawo wa kansa magana. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku, ta ba arba'in baya, sunan dai ya ƙi barin ta. Ta zube ledar kan tebur tana fara'a, ta ce rigunanta duk sun yi mata yawa, a rage mata. Har juyi ta yi a tsakar ɗaki, wai uwar ta ga yadda ta koma budurwa ba tare da ta hana bakinta komai ba.

Goggo tun da take ba ta taɓa yin ɗinki da tsohon awo ba. Ta sauke tef daga wuyanta, ta zagaya ƙugun 'yar, ta duba, ta sake zagayawa. Inci huɗu sun tafi cikin wata biyar. Kafin ta gama rubutawa Auta ta shanye ruwan da ke cikin kofi, ta ƙara wani, sannan ta tambaya ko da mutum a banɗaki. Goggo ta bi ta da kallo har ta fita. Ta san wannan ramar sarai. Ta taɓa rage wando har sau uku saboda irinta, kuma ta san inda ta kai mai wandon.

Sai an koma baya kafin a gane zancen.

Keken ɗinkin nan ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Baƙi ne mai zanen furanni ruwan gwal, irin na takawa da ƙafa. Mijinta ne ya shigo da shi a ka wata ranar Asabar yana nishi, shekara biyu da aurensu, don ya gaji da ganin yatsunta duk hujin allura. Aka ajiye shi a ɗakin gaba mai taga ɗaya da ke kallon titi, kuma nan yake har yau, ƙafafunsa sun ci siminti sun yi gurbi huɗu. Ɗakin ba wani ɗaki ba ne. Teburin yanka ne, da benci mai ɗaukar mata uku in suna shiri da juna, da dutsen guga na gawayi, da igiya daga kusurwa zuwa kusurwa inda ake rataye abin da aka gama, sai wani madubi mai tsaga da ke raba fuskar mutum biyu. Amma ɗakin nan ya ga jama'a, ya ga dariya. Da hantsi benci ya cika, saura su baje kan tabarma, wannan na shayarwa, waccan na tsefe kai, ana ba da labarin unguwa ana taka keke. Yanzu kowa sai ya je kanti ya ɗauko rigar da ba a san jikin wa aka auna ba, ya saka ya fito yana taƙama. Goggo ba ta gajiya da tsaki a kan wannan.

Karatunta bai yi nisa ba, amma lamba da suna ba sa gagarar ta. Littafin rubutu na 'yan makaranta take saye, kowace mace da shafinta: Doguwa, Matar Mai Shago, Uwar Tagwaye, Ta Gidan Famfo. Wuya, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawo. Ba ta goge tsohon awo, sai dai ta rubuta sabo a ƙarƙashinsa ta sa wata da shekara. Mata suna ƙorafi, su ce ai watan jiya aka auna su. Ita kuwa ta ce jikin watan jiya ya tafi da watan jiya, a ɗaga hannu.

Dokarta ta biyu ita ce rara. Duk rigar da ta ɗinka sai ta bar yadi a ciki, kamar faɗin yatsa biyu kowane gefe, kuma in ta rage riga ba ta yanke abin da ta shigar. Ta ce mutum yau ya rame gobe ya cika, telan da ya yanke rara ya yanke wa mai riga ƙauna.

Wata nas ce ta buɗe mata ido a kan littattafan nan. Sista ake ce mata, tana aiki a ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi, gajeriya mai faɗa, wadda ko likita yana shakkar bakinta. Farar rigar aiki ta kawo ɗinki. Tana jira sai ta ɗauki littafin awo tana buɗawa, ba sallama ba neman izini, can ta ɗago ta ce wannan ai katin asibitin unguwa ne gaba ɗaya, an ba wadda ba ta san tana riƙe da shi ba. Ta nuna shafin Doguwa. Komai na jikinta yana nan yadda yake shekara uku, wuya kaɗai ke ƙaruwa. Ta ce maƙoƙo ne ke tahowa, sau da yawa rashin wani sinadari ne da ake sa wa gishirin leda, a turo mata ita. Aka tura Doguwa tana gunaguni, ta dawo tana godiya.

Daga nan shiri ya ƙullu. Kusan kullum in Sista ta tashi aiki sai ta biyo, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa kan benci, a dafa shayi. Tana sha tana zuba. Ta ce mai ciki in ƙafa ta ɗan kumbura da yamma ba abin tashin hankali ba ne, amma in fuska ta hau, zobe ya ƙi fita, hannun riga ya matse, ga ciwon kai, to jini ne ya hau, kada a kwana. Ta koya mata jan fatar ido ƙasa a duba, in ciki ya yi fari fat, tafin hannu ma haka, mutum na haki daga hawa 'yar matakala, jini ne ya yi ƙaranci. Ta ce hawan jini ba ya sallama, mutum na yawo garau yana ɗauke da shi, awo kaɗai ke tona shi. Ta ce kuma ƙiba ba ita ce lafiya ba, amma rama babu dalili ta fi ta ban tsoro. Wanda yake ci yana ƙoshi yana zubewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, a gwada masa suga tun kafin a tambayi sunansa. Goggo tana taka keke tana ji, kuma duk ta riƙe.

Haka ta zama abin da ta zama. Mace ta zo karɓar ɗinki, Goggo ta ce riga ta gamu, ga ta can a igiya, amma sai an nuna katin asibiti. A yi ta rigima. Matar Mai Shago ta taɓa cewa ita ɗinki ta kawo ba jinya ba, ta yi fushi na sati biyu, sai ga ta da kati da ƙwayoyin hawan jini, kuma ta rayu har ta ga tattaɓa kunne. Ba kullum Goggo take dacewa ba, kar a yi mata ƙarya. Akwai ranar da ta auna Ta Gidan Famfo, ta matso kunnenta ta yi mata barka, ta ce a fara zuwa awo. Matar ta ce wane awo, mijinta ya yi wata takwas ba ya gari, abinci ne kawai ya karɓe ta. Benci ya kwashe da dariya, aka shekara ana tsokanar Goggo da cikin shinkafa.

Mijin Goggo kuwa Direba kowa ke kiran sa, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Bas ɗin wani kamfani yake ja, ya kwaso ma'aikata da safe ya mayar da su da yamma. Ƙato ne, mai tumbi, mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Sau biyu a rana bas ɗin ke wucewa ta gaban tagar, kuma sau biyu yake danna hon, gajere da dogo, matan benci su ce Goggo ana gaishe ki, ita kuwa ta haɗe rai kamar ba ta ji ba, alhali ƙafarta ta tsaya a kan keke. Tela yake ce mata. Kakin aikinsa ba ya yarda kowa ya taɓa sai ita, ita ke wankewa, ita ke gugewa har karin wandon ya tsaya cak. Yana alfahari da tumbinsa, yakan shafa shi ya ce wannan shaidar Tela ce, duk wanda ya gan shi ya san ana kula da shi a gida.

Abu biyu yake tsoro a duniya. Na farko asibiti, don mahaifiyarsa ta yi ta ramewa, aka kai ta a makare, ba ta fito ba, shi kuwa ya ɗora laifin kan gadon asibiti. Na biyu a raba shi da sitiyari. Ya ga yadda aka sauke wani abokin aikinsa saboda ido, aka ba shi tsintsiya a gareji, mutumin bai ƙara dariya ba.

Shekarar da Sista ta yi ritaya ta koma garinsu, Auta kuma ta tafi kwalejin horon malamai, a shekarar Direba ya fara zubewa. Ci yake kamar da, har ya fi. Gorar ruwa ɗaya yake tafiya da ita aiki, ta koma biyu, ta koma jarka. Yakan tsayar da bas a hanya ya zaga, ma'aikata na yi masa tsiya. In ya dawo sai ya zube kan kujera, takalmi ma sai an cire masa. Wata safiya Goggo na shara ta ga tururuwa sun yi layi a inda ya yi fitsari a bayan gida. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, muryar Sista na yi mata amo a kunne.

Ta yi masa magana, sau ɗaya. Ta ce Malam ko za a leƙa asibiti a duba jini. Ya ajiye cokali, ya ce lafiyarsa ƙalau, zafin gari ne da zaman mota, kuma in ta ƙara ambaton asibiti a gidan nan zai koma cin abinci a gareji. Bai taɓa yi mata irin wannan muryar ba. Kwana biyu bas na wucewa babu hon.

Ranar wanki ta ga ya huda bel ɗinsa da ƙusa, huji biyu sababbi. Wandon kuwa ya tattare a ƙugu kamar bakin buhu, kuma ta san shugaban direbobi mutum ne mai sa ido a kan kaki. Ta tuna yadda ya tsaya gaban madubi da safe yana jan wandon sama, fuskarsa duk ta faɗa. Tausayi ya kama ta. Wallahi tausayi ne, ba wani abu ba. Matar da ta riƙe rigunan rabin unguwa sai an nuna mata kati, ita ce ta jira benci ya watse, ta juya wandon mijinta, ta kama ɗinkin baya ta shigar da inci biyu, ta goge, ta rataye inda yake. Washegari ya saka, wando ya zauna daram. Ya shafa ciki ya ce kin gani, jiki ya fara dawowa. Da hantsi bas ya wuce, hon gajere da dogo. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta.

Bayan wata uku ta sake. Bayan wata huɗu ta kuma. Riguna ma ta bi su ta gefe. Ba ta rubuta awonsa a littafi ba ko sau ɗaya, don ta san in ta ga lambobin a jere ba za ta iya ɗauke kai ba. Rarar dai ba ta yanke ba. Kullum tana ce wa ranta in zafi ya wuce zai cika, ta warware.

Sabon takalmi ne ya tona asiri. Ya ji masa ciwo a babban yatsa, ɗan ƙanƙani, shi bai ma ji zafi ba don ƙafar ta daɗe da yin dindiris. Sati uku ciwo bai kame ba. Ita ke wanke shi da ruwan ɗumi, ta yanko ƙyalle mai tsabta daga ragowar yadi ta ɗaure. Yatsa ya yi baƙi, ya fara wari. Wata safiya ya zo hawa bas a gareji, jiri ya ɗebe shi ya faɗi, abokan aiki suka kwashe shi sai babban asibiti, ba wanda ya tambayi ra'ayinsa.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya duba ƙafa, ya duba takardar jini, ya tambayi Direba tun yaushe yake ramewa.

"Ban rame ba, likita," in ji Direba. "Ga wandona nan, daidai jikina."

Goggo na tsaye a gefen gado da kwanon abinci a hannu.

Likita ya yi musu bayani. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Abincin da mutum ya ci yana komawa suga a jini don jiki ya yi aiki da shi, to nasa jikin ya kasa ɗauka, sugan ya taru a jini yana fita ta fitsari yana jan ruwa, shi ya sa ƙishirwa, shi ya sa rama, mutum na ci jikinsa na jin yunwa. In aka bar shi sai ya bi jijiyoyi ya lalata, ya taɓa ido, ya taɓa ƙoda, ya kashe jin ƙafa, ciwo ya ƙi warkewa. Ya ce yana bin dangi. Ya ce ba a warkewa, amma ana zama da shi shekara da shekaru in an kama shi da wuri, da ƙwaya da kula da ci da ɗan tattaki. Da an zo bara, in ji shi, da zancen bai kai ga wuƙa ba.

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Direba bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ya dawo gida, aka sa masa kujera a ɗakin ɗinki kusa da taga, yana kallon wani yana wucewa da bas ɗinsa. Matan benci suka saba da shi, har yana sa musu baki a hira, wani lokaci tsohuwar dariyar ta ɗan leƙo. Ita ta naɗe ƙafar wandon ta kama da allura. Shekara ɗaya da rabi ya yi a kujerar nan kafin ƙoda ta gaza.

Ana saura 'yan kwanaki, wata la'asar da ba kowa, ta kasa riƙewa. Ta durƙusa gaban kujerar ta ce Malam akwai abin da ta yi masa, ya yafe mata. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Tela, aljihun baya biyu sun kusa haɗewa," ya ce. "Kina tsammani ban gani ba? Tun na farko na gani. Na yi shiru ne don ina so ki ci gaba."

Ya ce laifin nasu ne su biyu, kuma nasa ya fi yawa. Ita dai ba ta taɓa yarda da wannan rabon ba. Shi tsoro ne ya rufe masa ido, ita kuwa da saninta, an koya mata, ta koya wa wasu. Bayan rasuwarsa ta wanke wandon, ta goge, ta sa a ƙasan akwati. Ba ta gaya wa kowa ba, har 'ya'yanta. Su abin da suka sani shi ne ciwon suga ya kama Baba farat ɗaya. Ta ci gaba da ɗinki, benci yana raguwa, Doguwa ta rasu, Uwar Tagwaye ta bi 'ya'yanta wani gari, labarin rasuwar Sista ma ya zo wata rana a bakin wani baƙo. Shekara ashirin da biyu ke nan.

To, ga Auta ta dawo daga banɗaki tana goge hannu a gefen zani, tana tambaya yaushe za ta zo karɓa. Goggo ta mayar da rigunan cikin leda ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba za ta rage ba, sai an je an gwada jini.

Auta ta yi dariya. Ta ce Inna ta fara halin nata, ita ba Matar Mai Shago ba ce. Aikin makaranta ne, aji biyu aka haɗa mata, ga zafi, wa ba ya shan ruwa a wannan yanayi? Goggo ta tambaye ta sau nawa take tashi fitsari kafin gari ya waye, ta ce ba ta ƙirgawa. Ta tambaye ta ido fa, sai Auta ta tuna kwanan nan rubutun allo yana yi mata hazo-hazo, har ta fara tunanin tabarau. Amma jinin Direba ne a jikinta, taurin kan ma nasa ne. Ta ɗauki ledarta ta ce ba komai, akwai tela a bakin makarantarsu, shi ba ya tambayar kati.

Goggo ta ce ta dakata. Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin akwati, ta fito da wandon kaki a ninke, yana warin daɗewa. Auta ta gane shi tun daga nesa, ta ajiye leda. Uwar ta shimfiɗa shi kan teburin yanka, ta juya cikinsa waje, ta kama hannun 'yar ta ɗora a kan ɗinkin baya. Layi uku ne a jere, kowanne da ɗan bambancin zare, ga rara a naɗe a ciki, ba a taɓa ta da almakashi ba.

"Wannan na farko, watan da kika tafi kwaleji," ta ce. "Wannan bayan wata uku. Wannan kuma saura kaɗan ya faɗi. Ni na yi su, da hannun nan, ina sane da abin da ke cin sa. Ba farat ɗaya ya kama ubanku ba, Auta. Shekara guda ina ɓoye masa jikinsa. Ke ba zan yi miki ba. Ki kai wa telan bakin makaranta in kin ga dama, amma ki sani abin da zai ɗinka miki ke nan."

Auta ta zauna kan benci, wandon a cinyarta. Ta daɗe tana bin layukan da yatsa. Goggo ta zaci za ta yi fushi, ta shirya wa hakan, shekara ashirin da biyu tana shirya masa. Amma da 'yar ta buɗe baki, cewa ta yi tsoro take ji. Ta ce ita ma ta lura, ba yau ba, kawai dai duk wanda ya gan ta sai ya ce ta yi kyau, sai ta riƙe wannan. In aka ce ciwon Baba ne fa, ƙaraminta ko firamare bai gama ba. Goggo ta ce in aka ce shi ne, to an kama shi da ƙafafunta biyu a ƙasa. Gwajin ma ɗan tsira allura ne a yatsa, allurar keken nan ta yi mata wanda ya fi shi sau dubu ba ta mutu ba.

Washegari da sassafe, Auta ba ta karya ba, don haka ake so a gwajin, suka tafi ƙaramin asibitin ƙarshen layi. An yi masa fenti, an canza benci, ba fuskar da Goggo ta sani. Wata yarinyar nas ta tsira wa Auta allura a yatsa, ta ɗiga jinin a ɗan tsinke, na'ura ta nuna lamba. Nas ɗin ta dubi lambar, ta dubi Auta, ta ce su shiga wurin likita yanzu, ba sai sun bi layi ba. Shi ne. Likitar, mace ce, ta duba ido, ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ta tura su gwajin ƙoda, ta ce sugan ya hau sosai amma bai riga ya yi ɓarna ba. Ta rubuta ƙwaya. Ta ce a bar lemon kwalba, a rage shinkafa da burodi da sugan shayi, a yawaita ganye da wake, a taka ƙafa kullum ko na rabin awa, a duba ƙafa kowace rana, kuma a gaya wa sauran 'yan uwa su zo a gwada su. Ta tambaya wa ya ce su zo. Auta ta nuna uwarta ta ce tela ce.

Riga ɗaya Goggo ta yarda ta rage, don kada a ce malama na zuwa aji cikin buhu. A gaban mai rigar ta yi, da manyan ɗinki masu sauƙin warwarewa, kuma ta buɗe sabon shafi a littafi ta rubuta awon da wata da shekara. Duk ƙarshen wata sai Auta ta zo an auna ta, tana so ba ta so. An sha rigima a kan lemon kwalba. An sha rigima a kan tattaki, har Goggo ta ɗauki sanda ta ce to su tafi tare, aka riƙa ganin su da la'asar suna zaga layi, tsohuwa a gaba tana faɗa, malama a baya tana haki. Wata na farko lamba ba ta motsa ba. Na biyu ma haka. Abinci ya daina yi wa Goggo daɗi.

Wata na takwas, ranar wata Asabar da hantsi, Auta ta shigo da rigar a hannu tana ɓata rai. Ta ce Inna rigar nan ta matse ta, jiya da ƙyar ta ɗaga hannu ta yi rubutu a allo. Likita ta ce suga ya sauka ya zauna, jiki ya dawo daidai, kada dai a wuce haka.

Goggo ta sauke tef. Ta zagaya, ta duba, ta sake zagayawa. Inci biyu da rabi sun dawo. Ta rubuta a ƙarƙashin na watan jiya. Sannan ta juya rigar, ta sa bakin almakashi ƙarƙashin ɗinkin, ta tsinke, ta ja zaren ya fito tsaf, rarar ta buɗe ta kwanta. Aikin da ta bar wa yadi a wandon Direba ke nan, ta yi ta jiran ranarsa ba ta zo ba. Ta zauna da rigar a cinya tana shafa gurbin tsohon ɗinkin da babban yatsa, hawaye na sauka kan yadin, ba ta ko share ba.

Auta ta tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, hasken tagar nan ne ya lalace, tun da aka yi dogon gini a tsallake ba ta ganin komai. Ta lalubo zare, ta kai bakin allura sau ɗaya, sau biyu, ya ƙi. Sai ta matsa gefe kan kujerar, ta miƙa wa 'yar bakin zaren.

"Zo ki zura mini," ta ce.